Na Gama Makonni 9 Na Koyon Gudu, Sai Gudun Ya Juya Mini Baya

Ba zan manta da wata safiyar Laraba ba, a ƙarshen watan Fabrairun 2025. Na fito bayan sallar Asuba kamar yadda na saba, na kama titin da ya bi ta gefen filin wasa na Rumde Ajiya a nan Garwa. Ko minti 12 ban cika ba ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun siminti, numfashi ya ƙi isa ta. Na nemi bakin kwalbati na zauna ina haki. Wani yaro mai babur ya ci birki a gabana ya ce, "Baba, lafiya dai? In kai ka gida?" Na ɗaga masa hannu na ce, "Lafiya lau ɗana, hutawa nake." Amma a raina kunya ce ta rufe ni, ga kuma tsoro. Makonni uku kafin wannan rana, ni ɗin nan na yi gudun minti 30 ban tsaya ba, har iyalina suka yi mini barka. To me ya faru?

Da na fara ba da wannan labari a kasuwa, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne. Mutum uku a layinmu sun taɓa fara motsa jiki, sun yi nisa, sai abin ya yi musu tsauri suka ajiye takalmin a ƙarƙashin gado. Kowannensu yana zaton shi ne ya gaza. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, ko wani zai tsira daga ajiye nasa takalmin.

Yadda aka faro

Ni mutumin Kano ne. A Kantin Kwari na tashi ina yaron shago, shekara 19 ke nan da na dawo Garwa ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa. Duk ɗan kasuwa ya san irin zaman da muke yi: ka buɗe shago da ƙarfe 8, ka zauna a kan dila ko kujera har Magariba. Shayi mai sukari sau uku, tsire da yamma, tuwo mai nauyi da dare, daga nan sai kwanciya. Tsakanin gida da kasuwa babur ne. Haka teɓa ta fito, ana ce mini alamar arziki ce, ni kuma ina jin daɗi.

A watan Nuwambar 2024 ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, sannan ya tambaye ni ko akwai mai wannan ciwo a gidanmu. Na yi shiru. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu kafin ya rasu, kuma ina Garwa, ƙannena mata ne suka yi jinyarsa. Ina da shekara 46, ƙaramin ɗana bai shiga firamare ba. Idan na kwanta a ƙasar da ba tawa ba, wa zai buɗe shago? Wa zai karɓo bashin da ke hannun mutanen Marwa da Gidar?

Ɗiyata ta fari, wadda ke sakandare, ita ce ta ɗauki wayata ta saka mini wata manhaja. Ta ce, "Baba, wannan ba ta 'yan wasa ba ce, ta masu zama ce irinka." Sunan tsarin Couch to 5K, wato daga kan kujera zuwa kilomita 5. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauke shi ta yaɗa. Makonni 9 ne, fita uku a kowane mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko gudun daƙiƙa 60 kake yi, ka yi tafiyar daƙiƙa 90, ka sake. A hankali ana ƙara gudun ana rage tafiyar. A ƙarshen mako na 5 za ka yi minti 20 a jere, a mako na 9 kuma minti 30. Na nuna wa likita, ya ce in je in yi, amma kada in daina shan magani.

Na fara a farkon Disamba. Wanda ya san Garwa ya san babu lokacin da ya fi wannan daɗi. Da asubar hunturu zafi kan sauka ƙasa da digiri 20, iska na kaɗawa daga wajen Binuwai, masu shayi na lulluɓe da bargo. Muryar da ke cikin wayar tana ce mini fara, tsaya, saura minti ɗaya, ka yi ƙoƙari. Ni dai nawa biyayya. A makon farko na Fabrairu na gama. Uwargida ta yi mana farfesun kifin Lagdo, yara suka yi ta tsokanata wai Baba ya zama ɗan tsere.

Inda na ɓata rawata da tsalle

Washegarin gamawa na tashi babu mai ce mini fara, babu mai ce mini tsaya. Sai na ce ai yanzu na ƙware. Na farko, na duba wayar na ga a minti 30 ɗin nan kilomita 3 da rabi kawai nake ci, ba 5 ba. Raina ya ɓaci, na ce ashe ban ma gama ba, dole in ƙara sauri. Na biyu, na ce tunda sau uku a mako ya yi mini amfani, sau shida zai ninka amfanin. Na uku, na haɗu da wasu samari masu atisaye a bakin filin wasa, 'yan shekara 20 da wani abu, na liƙe musu a baya don kada a ce tsoho ya gaza.

Cikin makonni biyu ƙwaurina ya fara zafi, agarar ƙafar dama ta ɗaure, barci ya ƙi daɗi. Da na tuna gobe akwai fita sai gabana ya faɗi. Ƙarshenta ita ce waccan safiyar Laraba a bakin kwalbati.

Bayan 'yan kwanaki aka ga watan azumi, a farkon Maris. Na samu hujja na ajiye gudun gaba ɗaya. Bayan Sallah na sake ɗaura takalmi, ana tsakiyar bazarar Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 da rana, dare ma bango na fitar da wuta. Minti 8 na yi na tsaya. Na dawo gida na ce wa uwargida, "Shi ke nan, abin nan ba nawa ba ne. Wahalar banza na sha." Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ran da aka yi maka asarar dila biyu a hanyar Yola, rufe shagon ka yi? Ka koma wajen likita tukuna ka ji."

Likita tukuna

Gaskiyarta. Mai hawan jini da ya ga ƙarfinsa ya ragu ba zato ba tsammani, ba shawarar majalisa zai fara nema ba. Likita ya saurari ƙirjina, ya auna jini, ya sa aka yi mini gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarancin jini. Ya ce a yankinmu waɗannan biyun sun sha mayar da ƙaƙƙarfan mutum ragon dole, domin jinin da ya yi ƙaranci ba ya iya ɗaukar iska isasshiya zuwa tsoka. Nawa duk lafiya lau, har ma jinin ya sauka fiye da yadda yake a Nuwamba.

Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Ɗaya, wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu suna rage bugun zuciya, duka biyun kuma suna iya sa gudu ya yi wuya, musamman a zafi ko da azumi. Mutum ya gaya wa likitansa, kada ya rage ko ya daina da kansa. Biyu, akwai alamun da ba a yi musu jarumta: ciwo ko matsewa a ƙirji, jiri, zuciya na tsalle ba tsari, numfashi ya ƙi dawowa bayan an huta, ko mutum ya rikice a cikin zafi. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya tsaya nan take, ya nemi asibiti.

Na ce, "To Likita, tunda lafiyata ƙalau, me ya sa na koma baya?" Ya yi dariya ya ce wannan kuma sai masu gudu.

Tambayoyi huɗu na wani dattijo

Akwai wani dattijo Bafulatani, tsohon malamin motsa jiki a makarantar sakandare, da nake gani kullum yana sassarfa a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. A da har tausayinsa nake ji. Shi ne na tare wata safiya na kwashe labarina na gaya masa. Bai ba ni amsa ba, tambayoyi ya yi mini.

"Alhaji, lokacin da kake bin wayar, kana iya magana kana gudu?" Na ce ina iyawa, har gaisawa nake da masu shara. "Yanzu fa?" Na ce ko sallama ba na iya amsawa. Ya ce to ga ɓarawon farko. Ba ƙarfinka ne ya ragu ba, saurinka ne ya ƙaru ba ka sani ba. Ma'aunin gudun lafiya shi ne ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da ta yanke ba. Ko manyan 'yan tseren Kenya da Habasha, mafi yawan atisayensu a hankali suke yin sa, ranakun tsanani kaɗan ne. Game da kilomita 5 kuwa, ya ce mutane da yawa suna gama tsarin ba su kai ta a minti 30 ba, kuma ba laifi ba ne, domin abin da aka koya maka shi ne juriyar minti 30.

"Sau nawa kake hutawa a mako?" Na ce Juma'a kawai. Ya girgiza kai. Ya ce ba a kan titi jiki ke ƙara ƙarfi ba, a lokacin hutu ne yake gyara abin da gudu ya taɓa. Kuma zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyi da ƙashi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa sabon mai gudu ke jin ƙirjinsa na cewa a ƙara, ƙwaurinsa na kuka.

"A wane wata ka koyi gudu, a wane wata kake kuka?" Nan na fara ganewa da kaina. Ya ce idan gari ya yi zafi, zuciya aiki biyu take yi: ta kai jini ga ƙafafu, ta kuma kai wani ga fata don jiki ya huce. Ga gumi yana rage ruwan jiki, mai gudu a irin zafinmu yana iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya. Don haka saurin da ya yi maka daɗi a Janairu, a Afrilu azaba ne. Jiki yana sabawa da zafi, amma sai an ba shi kamar kwana 10 zuwa 14 ana bin sa a hankali. Ni kuwa na yi wata guda a zaune, na tashi rana ɗaya ina neman abin da na yi a hunturu.

Ta huɗu ita ce ta fi shiga ta. "Da ka fito yau, me ka fito yi?" Na rasa amsa. A da kowace fita tana da aikinta, kuma kowane mako akwai sabon abin da zan yi murna da shi. Yanzu fita kawai nake in gwada kaina da jiya, kullum ina cin jarrabawa ko ina faɗuwa. Ya nuna filin wasan da hannu ya ce, "Ku 'yan Najeriya kun manta? A nan Super Eagles suka ci wasanninsu uku na rukuni a Janairun 2022, har da Masar. A nan kuma Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya. Fita daga rukuni ba shi ne kofi ba."

Ya ƙara mini da wani abu da ban taɓa ji ba: minti 10 na farko suna yi wa kowa wuya, har shi da ya shekara 40 yana yi, domin numfashi da bugun zuciya ba sa kamo ƙafafu nan da nan. A cikin tsarin, hutun tafiya yana ɓoye wannan. Yanzu da babu hutun, sai mutum ya ji nauyin farko ya yanke hukunci cewa yau ba rana ba ce, alhali da ya rage sauri ya jure kaɗan da jikin ya saki.

Ina tafiya gida sai na tuna shekarar da maigidana na Kwari ya sallame ni ya ba ni jari. Shekara tara ina ƙarƙashinsa, shi ke cewa sayo kaza, sayar a kaza, rufe shago. Ina ganin na iya kasuwa. Shekarar farko da na tsaya da ƙafata ita ce mafi wuya a rayuwata: na sari kayan da suka fi ƙarfina don in yi gogayya da manya, na ci riba na fara taɓa uwar kuɗi. Ba kasuwa ce na manta ba, mai riƙe mini linzami ne babu. Abin da ya same ni a gudu ke nan, ba ƙari ba ragi.

Abin da na canza

Na koma fita uku a mako, Litinin da Laraba da Asabar, kuma na rubuta su a bayan littafin bashi, inda idona ke kaiwa kullum. Kowace fita na ba ta aikinta tun da dare. Biyu gajeru ne, minti 20 zuwa 25 a hankali. Ta Asabar ita ce doguwa, ita kaɗai nake ƙara wa minti biyu ko uku, ba kowane mako ba.

Na ajiye girman kai na dawo da tafiya. A Afrilu da Mayu na koma tsarin mako na 4: gudun minti 3 ko 5, tafiya, a sake. Da farko ina jin kamar an mayar da ni aji ɗaya. Amma abin mamaki, abin da ya ɗauke ni makonni 9 a karon farko, cikin makonni biyar ya dawo. Wata guda a zaune yana rage ƙarfi, amma ba ya shafe shi.

Na daina duba kilomita. Wayar tana aljihu, minti kawai nake ƙirgawa. Na rabu da samarin nan, na koma bayan dattijo muna tafe muna hira, yana gyara mini Fulatancina. Duk sanda hirar ta gagare ni, mun san sauri ya yi yawa.

A bazara ina fita da an sallame Asuba, in dawo kafin rana ta ɗaga. Ina shan ruwa tun daren jiya, ba sai na dawo ba, kuma launin fitsari ne ma'aunina: idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Zoɓo, wanda a nan ake ce wa folere, na sa an rage masa sukari. Ranar da hazo da ƙura suka yi yawa, ko na kwana ina lissafi, tafiya kawai nake yi, kuma ina lissafa ta a matsayin fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Tafiya da sauri tana cikin lissafin. Azumi mai zuwa ma na riga na yanke: ba zan ajiye gaba ɗaya ba, zan riƙa taka ƙafa na minti 20 bayan Tarawihi, don kada in sake farawa daga tushe.

Sai matsalarmu ta 'yan kasuwa, wato tafiya. Idan na tafi sarin kaya Kano ko Duwala, kwana goma ne ko fiye, ga zaman mota, ga abincin tasha. Yanzu takalmin na cikin jaka. Idan na samu wuri na yi minti 15, idan ban samu ba ba na zagin kaina. Dokata ɗaya ce: fitar farko bayan dawowa rabin abin da na saba ce.

Gidan ma ya shiga

Uwargida da ta tura ni wajen likita, ita ma ƙafafunta na kumbura saboda zaman ɗinki. Yanzu ita da maƙwabtanta biyu suna zagaya unguwa da sassafe, minti 30, suna hirarsu. Ɗiyata ce ta kawo mata labarin Sarah Etonge, matar nan ta Buea da ta lashe tseren hawa Dutsen Kamaru har sau bakwai, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma tana uwar 'ya'ya. Uwargida ta ce ita ba dutse za ta hau ba, jikokinta take so ta goya da ƙafarta. Na ce ai burinmu ɗaya.

A watan Agusta, wata Asabar da aka kwana ana ruwa, na bi hanya har gadar Binuwai. Kogin ya cika ya batse, masunta na tura kwalekwale. Da na dawo na ciro wayar don in ga lokaci, sai na ga kilomita 5 da 'yan mitoci, a minti 44. Ban ma san na yi ba. Watanni shida bayan ranar da na ɗauka ya kamata in kai, kuma a saurin da a da zan ji kunyarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Har yau akwai safiyar da ƙafa ke yin nauyi. Makon jiya ma minti 15 na yi na juyo. Bambancin shi ne yanzu ba na cewa na gaza. Ina tambayar kaina tambayoyin dattijo: na yi sauri? Na huta? Yaya garin yake? Me na fito yi? Kusan kullum amsar tana cikin huɗun nan. Idan ba ta ciki, kuma abin ya wuce mako biyu, na san hanyar asibiti.

Ɗan'uwa, idan takalminka na ƙarƙashin gado saboda gudu ya yi maka tsauri bayan ka gama koyo, ciro shi ka kaɗe ƙurar. Gobe da asuba ka fita minti 20, a saurin da za ka iya amsa gaisuwa, ka yi tafiya duk inda ka ji buƙata. Jibi ka huta. Idan kuma kana Garwa, za ka gan mu a bakin Rumde Ajiya, wani dattijo da wani mai 'yar teɓa, muna sassarfa muna musun ƙwallo. Ka biyo mu, ba za mu bar ka a baya ba. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a kasuwa.